A Bar Ɗalibai Su Yi Wasan Da Kasuwa Ta Ƙi

Ranar 4 ga Afrilu, 1964 aka buɗe wani wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa da rawa a gidan wasa na Majestic da ke Broadway, unguwar manyan gidajen wasa a birnin New York. Ranar 11 ga wata aka rufe shi. Sau tara kacal aka yi shi bayan buɗewar, waɗanda suka zuba jari suka koma gida hannu rabbana. Sunan wasan Anyone Can Whistle, wato kowa ma zai iya yin fito. Kuma ba 'yan koyo ne suka yi shi ba. Arthur Laurents ne ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, Stephen Sondheim ya tsara kiɗan da baitocin, dukansu biyu kuwa da hannunsu a shahararrun wasannin West Side Story na 1957 da Gypsy na 1959. Cikin 'yan wasan akwai Lee Remick, tauraruwar fim a lokacin, da Angela Lansbury, wadda wannan ne karonta na farko a wasan waƙa na dandamali. Duk da haka 'yan kallo suka juya musu baya. A shekarar, tikitin Hello, Dolly! da Funny Girl ake rububi.

Har yau Broadway ba ta sake ɗaukar wasan ba. An rera waƙoƙinsa a zauren Carnegie Hall a 1995, an sake yi a New York City Center a 2010, wasu ƙananan gidajen wasa a Landan ma sun ɗan taɓa shi. In ban da irin waɗannan, sai dai jefi-jefi ka ji ƙungiyar ɗalibai a wata kwaleji ko jami'a ta zaro shi ta kakkaɓe masa ƙura. Duk wanda ya san yadda ake zaɓar wasan shekara a makaranta ya san tambayar da za ta biyo baya, ko daga hukuma, ko daga iyaye, ko daga cikin ɗaliban kansu: ga wasannin da kowa ya sani, waɗanda za su cika zaure su mayar da kuɗin da aka kashe, me ya kai ku ga wanda ya faɗi tun a makon farko?

Ni ina bayan ɗaliban. Sai dai hujjar da aka saba kawowa, wai wasan yana koya wa matasa kowa ya tsaya da ƙafarsa, a daina bin yarima a sha kiɗa, ita ce mafi rauni a wurina.

Ga labarin a taƙaice. Wani gari ne a Amurka da ya talauce ƙarƙaf, saboda masana'antarsa ta ƙera wani kaya da ba ya lalacewa, wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Magajiyar garin, Cora Hoover Hooper, attajira ce da talakawa suka tsana. Muƙarrabanta uku, ma'aji da mai binciken kuɗi da shugaban 'yan sanda, suka ƙulla dabara: aka ɓoye famfo cikin wani dutse, ruwa ya fara ɓuɓɓugowa, aka yi shelar mu'ujiza ta bayyana. Masu neman waraka suka yi ta tururuwa, ana karɓe musu kuɗi. Wuri ɗaya da kasuwarsa ke ci a garin tun asali shi ne gidan masu taɓin hankali, mai majinyata 49. Nas ɗin da ke kula da su, Fay Apple, ba ta yarda da zancen mu'ujizar ba, sai ta jero su kaf zuwa bakin dutsen: in dai ruwan na warkarwa, to ga marasa lafiya nan. Muƙarraban suka ga asiri zai tonu, suka tare ta. Ana cikin cacar baki majinyatan suka saje da masu ziyara, Fay kuma ta sulale da takardun sunayensu. Aka rasa wanda zai iya nuna mai hankali daga mahaukaci.

Sai ga wani baƙo, J. Bowden Hapgood, aka ɗauka shi ne sabon likitan da ake jira, alhali shi ma majinyaci ne aka kawo. Magajiya ta damƙa masa aikin tantancewa.

Abin da ya biyo baya waƙa ce guda mai cin fiye da minti goma, kuma ita ce zuciyar wasan. Hapgood ya tsaya tsakiyar taro yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wa mutum tambayoyi marasa kan gado, ya ƙulla wata hujja mai kama da ta malamai amma ba ta da gindi, ya nuna shi da yatsa: kai, Rukunin A. Na gaba: ke, Rukuni na Ɗaya. Kowane suna ya nuna shi ne kan gaba, don haka ba wanda zai ce an ƙasƙantar da shi. Magajiya da mutanenta suna ta tambaya, to wane rukuni ne na mahaukatan? Ya ƙi faɗa. Su ma kafin su ankara ya fara yi musu tambayoyin. Mutanen gari kuwa ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya nemi a nuna masa takardar likitan. Kowa ya rungumi rukuninsa. Zuwa fitowa ta biyu har sun fara maci a titi, kowane ɓangare na waƙar shi ne ya fi, suna yi wa Hapgood kirari. A ƙarshen fitowa ta farkon ma, Hapgood ya juyo ya dubi 'yan kallo ya ce musu dukanku mahaukata ne, aka kunna fitila, sai ga 'yan wasan zaune a kujeru irin na 'yan kallo, suna dariya suna tafa wa waɗanda suka biya kuɗi suka shigo.

Saboda wannan wurin nake cewa a yi wasan. Ba saboda fiton Fay ba, macen da ta iya duk wani abu mai wuya amma ta kasa sakin jikinta ta yi fito, abin da yaro ƙarami ke yi.

Kiran a bar kowa ya zama yadda yake yana da nauyi a 1964. Amurka ba ta daɗe da fitowa daga zamanin Sanata McCarthy ba, lokacin da zargin gurguzu kaɗai kan raba mutum da aikinsa, kuma shi kansa Laurents ya ɗanɗana, don sai da sunansa ya shiga jerin waɗanda masana'antar fim ta ƙaurace wa. Amma yau wannan kira ya zama kayan talla. Mai sayar da takalmi da mai sayar da waya da mai sayar da lemo duk abin da suke gaya wa matashi ke nan, ka fita daban, ka zama na musamman, ga kayanmu ka saya. Miliyoyin matasa na yin rawa iri ɗaya a TikTok, kowa na ganin shi ne ya zo da salo. Ɗalibin da ya fito daga zaure da wannan darasi kawai bai ƙaru da komai ba, ya riga ya ji shi a allon talla. Abin da bai tsufa ba a wasan shi ne ƙishirwar da mutane ke yi ta a saka musu lamba, da saurin da suke yi wajen fara kishin lambar, ko da wanda ya saka ta bai fi su lafiya ba. Ba tilasta musu aka yi ba, ba wanda ya riƙe bulala, su da kansu suka yi layi.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan tun kafin a rubuta wasan, kuma a kan ɗalibai suka auna. A farkon shekarun 1950, Solomon Asch na kwalejin Swarthmore ya riƙa zaunar da ɗalibi cikin wasu mutane da aka riga aka haɗa baki da su. A nuna musu zane a kati, a ce wanne ne cikin layuka uku ya yi daidai da tsawon wannan? Amsar a fili take, ko yaro ya gani. Sai 'yan haɗin bakin su faɗi amsar ƙarya ɗaya bayan ɗaya, da murya ɗaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukkan amsoshin da aka bayar a irin wannan yanayi bin taro ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne ɗaya ɓangaren binciken: da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi gaskiya, sai bin taron ya ragu ƙwarai. Wato ba jarumta ce ta musamman ake buƙata ba, abokin tsayuwa ɗaya ya isa. Ana karanta wannan a aji, a rubuta a jarrabawa, a manta. Amma ɗalibin da ya yi wata biyu a gwajin wasan yana maci a Rukunin A, yana jin yadda ƙirjinsa ke buɗewa idan muryoyi ashirin suka haɗu da tasa a kan kirarin da ya san shirme ne, shi a jikinsa ya ji.

A nan akwai wani abin dariya da duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar wasan makaranta zai gane. Babu aikin da ke buƙatar biyayya kamar wasan waƙa da rawa. Ka leƙa zaure da yamma lokacin gwaji: an ture kujeru gefe, an manna tef a ƙasa don kowa ya san inda ƙafarsa za ta tsaya, mai fiyano ya gaji ya kifa kai, mai koyar da rawa na tafa hannu yana ƙirga, biyar, shida, bakwai, takwas. Yarinya ɗaya a layin baya ta ɗaga hannu bayan sauran da ƙiftawar ido, sai a ce a koma farko. Ba ta ce komai ba, ta gyara ɗaurin takalmi ta koma kan tef ɗinta. Wani kuma da ke ganin muryarsa ta fi ta kowa, darakta ya gaya masa a gaban jama'a cewa shi ɗan amshi ne, ya sassauta. Duk wannan horo kuwa don a fito a gaya wa 'yan kallo kada su zama 'yan amshin Shata ne.

Wasu za su ce wannan tufka da warwara ce. Ni a ganina gwajin ne ke gyara wa wasan kuskurensa. Laurents ya rubuta labarin tamkar duk wani haɗin kai tumakanci ne, duk wanda ya bi tsari ya mutu a tsaye. Mu da muka tashi muna jin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba za mu haɗiyi wannan ba, kuma bai kamata mu haɗiya ba. Yarinyar da ta koma kan tef ɗinta ta san dalilin tef ɗin, ta ga abin da ake ginawa, da ƙafarta ta zo, in ta ga dama gobe ba za ta dawo ba. Mutumin da ke maci a Rukuni na Ɗaya bai san komai daga cikin wannan ba, bai ma tambaya ba. A ido dukansu suna bin sahu ne, amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa, kuma ɗalibin da ya yi wasan ya tsaya a matsayin biyun a yini ɗaya. Ban san wata lacca da ke iya ba shi wannan ba.

Ba ina cewa 'yan kallon 1964 sun yi kuskure ba. Wasan na da aibi, kuma manya. Ya ɗebo abubuwa da yawa ya rungume: siyasa, addini, likitanci, aure, launin fata, yaƙi, kowanne ya ɗan yaƙushe shi ya wuce. Fitowa uku gare shi, a lokacin da aka saba da biyu, kuma ta tsakiyar tana jan ƙafa, inda Fay ke ɓad da kama da jar gashin kanti da karin harshen Faransa. Mafi muni, yana raina mai kallo. Sondheim da kansa, a littafin da ya tattara baitocinsa a 2010, ya amsa cewa sun rubuta shi ne kamar wasu yara biyu masu ji da ƙwaƙwalwa a bayan aji, suna yi wa malami da 'yan ajin ba'a don a ga sun fi kowa wayo. Ko 'yan tashe sun fi su sanin wannan sana'a. Yaran da ke zuwa ƙofar gida cikin azumi suna kwaikwayon tsoho mai gemu ko mai maganin ƙarya sun san yadda za su yi wa maigida shaguɓe ya yi dariya, har ya sa hannu a aljihu. Laurents da Sondheim sai da suka karɓi kuɗin mutum tukuna suka ce masa mahaukaci, sannan suka yi mamakin bai turo maƙwabcinsa ba.

Aibi na biyu ya fi damuna. Wasan ya ɗauki taɓin hankali a matsayin ado, kamar majinyatan nan mutane ne kawai masu 'yancin tunani da al'umma ta kasa fahimta. Ra'ayi ne da ya yi tashe a wancan zamani, kuma yana da tushe: a 1955 fiye da mutum rabin miliyan ne ke kulle a asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Amurka, da yawa cikin mummunan hali. A Oktoban 1963, watanni kaɗan kafin buɗe wasan, Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar da ke nufin mayar da jinyar cikin al'umma. Aka yi ta rage mutane a manyan asibitocin, amma cibiyoyin da aka yi alkawarin ginawa ba a kammala su ba, mutane da yawa suka ƙare a titi ko a kurkuku. Saboda haka idan Fay ta yayyaga takardun majinyatanta a dandamali ana kiɗa, wai ta 'yanta su, wanda ke da ɗan'uwa mai wannan lalura ya san yaga takarda ba ya warkar da kowa. Mu ma ba baƙin zancen ba ne. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, akasari danginsu ne suka kai su da sunan gyaran hali. Dokar mahaukata ta 1958, gadon mulkin mallaka, sai a Janairun 2023 aka maye gurbinta. Tambayar da wasan ya yi, wa ke da ikon cewa wane ba shi da hankali kuma me ya biyo bayan faɗar, tambaya ce ta gaske. Amsar da ya bayar ce ta yi arha.

To in haka ne, me ya sa ɗalibai? Saboda yaron gareji ba ya koyon aiki a kan motar da ke lafiya lau. Wasan da ya riga ya yi suna ya zo da komai nasa a shirye: an san inda ake dariya, an san inda ake tafi, bidiyonsa na nan a intanet, aikin ɗalibi bai wuce kwafa ba. Wannan kuwa dole a zauna a yi gardama. Yaya za a nuna majinyatan ba tare da an mai da su abin dariya ko waliyyai ba? A bar wurin da ake zagin 'yan kallo yadda yake, ko a sassauta? Barkwancin 1964 a kan mata da baƙaƙen fata, wanne ne har yanzu yake cizon wanda aka nufa, wanne ne ya juyo yana cizon wanda aka ce ana karewa? Duk amsar da suka zaɓa, wani cikinsu zai ƙi yarda, kuma dole a ci gaba da aiki tare da shi har ranar buɗewa. Ga kiɗan kansa ba sauƙi gare shi ba. A nan aka fara jin salon da Sondheim ya zo ya yi suna da shi a Company a 1970 da Sweeney Todd a 1979, inda magana da waƙa ke sarƙewa, muryoyi na hawa kan juna.

Batun kuɗi kuma, wanda shi ne ainihin abin da ke zuciyar masu tambaya, hujja ce a wajena, ba a wajensu ba. Gidan wasa na kasuwa yana da haya da albashi da masu jari, ba zai iya ɗaukar abin da ya san zai faɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Dandamalin makaranta shi ne kusan wuri ɗaya da rabin zaure ba ya kashe kowa. In shi ma ya koma auna wasa da yawan tikiti, to ba sauran inda irin waɗannan ayyuka za su numfasa. Ko wannan wasan, abin da ya cece shi daga ɓacewa shi ne wani mutum da ya ƙi bin lissafin kasuwa: Goddard Lieberson na kamfanin Columbia Records, wanda ya tara 'yan wasan washegarin ranar da aka rufe, ya ɗauki waƙoƙin a faifai. Ta wannan faifai ne waɗanda ba a haifa ba a lokacin suka san da shi.

A wannan shekara ta 1964 ɗin, a nan Najeriya, Hubert Ogunde ya fito da wasansa mai waƙa, Yoruba Ronu, gwamnatin Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, ta ga da ita ake, ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a Jihar Yamma, ba a ɗage ba sai bayan juyin mulkin 1966. Haramcin ƙara masa suna ya yi. Wasan da hukuma ta hana yana samun masu kare shi, wanda kasuwa ta ƙi kuwa shiru kawai ake yi a wuce. A makarantu, ko a can ko a nan, an fi tsoron na farkon, wato shugaban da zai ce a kawo masa rubutun ya duba. Amma na biyun ya fi yawa, kuma ba ya buƙatar umarnin kowa: kwamitin ɗalibai ne zai zauna, wani ya kawo shawarar abu mai ɗan ɗaci, a yi shiru, wani ya ce mutane ba za su zo ba, kowa ya gyaɗa kai, a koma kan abin da aka yi bara waccan.

Shawara ɗaya nake da ita ga duk ƙungiyar da ta ɗauki wasan. Jarabar da ke ciki ita ce a zuba ƙarfi kan soyayyar Fay da Hapgood da mu'ujizar ƙarshe, inda ta samu ta yi fiton da ƙyar, Hapgood da ya tafi ya dawo, ruwa ya ɓalle daga dutsen. Wannan sassaucin Broadway ne, a yi shi a wuce. Wurin da ya cancanci gumi yana fitowa ta uku. Gwamna ya aiko wa magajiya da saƙo cewa in rana ta faɗi ba a mayar da mutum 49 gidan ba, kujerarta ta tafi. Takardu kuwa an yaga. Sai mai binciken kuɗi ya kawo mafita: gwamna adadi ya nema, bai nemi sunaye ba, a kamo kowa ma. Aka shiga farautar mutane a titi, an tsara ta a matsayin rawa, da kiɗa mai daɗi kamar na biki, 'yan sanda na cafke duk wanda hannu ya kai kansa ana ƙirgawa. In da ni ne darakta, 'yan sandan nan ba za su tsaya a kan dandamali ba. Za su sauko cikin zaure da igiyarsu, su fara ƙirgar daga layin gaba, inda ake zaunar da shugaban makaranta da manyan baƙi.